Malam Aminu Kano: Ɗan Majalisa a Zamanin Yaƙi



Duk wanda ya taso daga Takur ya nufi tsakiyar Dutse ya san dandalin nan da ake kira da sunan Malam Aminu Kano. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba rayuwar mai sunan, musamman abin da ya yi sa'ad da yaƙi ya auku alhali babu majalisa a ƙasa.

An haifi Malam Aminu a Sudawa, cikin birnin Kano, a shekarar 1920, a gidan malamai da alƙalai. Bayan ya gama Kwalejin Kaduna a 1942, ya koyar a Midil ta Bauci, inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur. Ya ƙaro ilmi a Landan, ya koyar a Maru, sa'an nan a 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya shiga jam'iyyar NEPU, wadda ya zama shugabanta a 1953. Kukan jam'iyyar a fili yake: a raba talaka da zaluncin En'e, wato aikin tilas, da harajin da ba a bin ƙa'ida, da kotunan da ke hannun sarakuna. A lokacin nan ƙasar Dutse tana cikin Lardin Kano, saboda haka kukan ya shafe ta.

A zaɓen 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai da ke Ikko. Shekara biyar yana faɗin ra'ayinsa a zauren, amma rinjaye yana hannun NPC, gyaran En'e kuwa hurumin gwamnatin Kaduna ne. A zaɓen 1964 kujerar ta kuɓuce masa. Ran 15 ga Janairu 1966 soja suka kifar da gwamnati, aka rufe majalisu duka.

A nan yana da amfani a waiwayi Amurka. A yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 majalisa ba ta daina zama ba, har zaɓen shugaban ƙasa aka yi a 1864. Wani ɗan majalisa, Thaddeus Stevens, shi ya shugabanci kwamitin da ke neman kuɗin yaƙi, kuma ya tsaya tsayin daka har aka gyara tsarin mulki aka haramta bauta a 1865. Ɗan majalisar Nijeriya bai sami irin wannan dama ba. Zaɓi biyu ke gabansa: ko ya koma gida ya yi shiru, ko ya yi aiki da soja.

Malam Aminu ya zaɓi na biyu. Ran 27 ga Mayu 1967 Janar Gowon ya raba ƙasa jiha 12, ciki har da Jihar Kano. Bayan kwana uku aka yi shelar Biyafara, a watan Yuli kuma aka fara yaƙi. A shekarar nan Malam ya shiga Majalisar Zartarwa ta Tarayya a matsayin Kwamishinan Sadarwa, ya riƙe har 1971, sa'an nan ya koma Ma'aikatar Lafiya har 1974. A shekarun yaƙin ne aka karɓe kotuna daga hannun En'e, 'yan doka da gidajen yari su ma suka koma hannun gwamnati. Abin da NEPU ta shekara 16 tana nema ta hanyar ƙuri'a ba ta samu ba, dokar soja ta kawo shi.

To, a nan gizo yake saƙa. Gyaran ya amfani talaka, amma ba wakilansa suka yi shi ba, kuma wanda ya ba da abu da doka ɗaya yana iya karɓe shi da doka ɗaya. Ga alama Malam ya gane haka, domin da aka buɗe ƙofar siyasa bai tsaya ba. Ya shiga Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1977, ya jagoranci PRP daga 1978, a 1979 kuma jam'iyyar ta ci gwamnonin Kano da Kaduna. A zaɓen nan matan Arewa suka jefa ƙuri'ar tarayya karo na farko, abin da ya daɗe yana fafutuka a kansa. Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga Afrilu 1983, shekara takwas kafin a kafa Jihar Jigawa.

Ɗalibi da ma'aikaci su riƙe wannan: halin tilas yana iya sa mutum ya yi aiki ƙarƙashin mulkin da bai zaɓa ba, amma ana auna shi da abin da ya yi da damar, da kuma hanzarinsa wajen mayar da al'amari hannun jama'a.

Allah ya jiƙan Malam, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.