Manhaja a Gidan Haya: Gano Cikas Idan Sabilet Ya Ƙi Amsawa

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na ɗalibai da matasan ma'aikata a unguwar Minanata, Sakkwato.



Ina godiya da wannan dama da aka ba ni, ko da yake akwai waɗanda suka fi ni sani a cikin zauren nan. Abin da zan yi magana a kai shi ne halin da mutum yake shiga idan ya rubuta manhaja da harshen Java, ta yi aiki sumul a kwamfutarsa, amma da ya ɗora ta a kan uwar garken da ake haya, sai ta yi gum. Duk ɗalibin ilimin kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato da zai kare aikinsa na shekarar ƙarshe, da duk ma'aikacin da aka ɗora wa shafin ofishinsu, wata rana zai gamu da wannan.

Bari in fara da abin da ya same ni. An taɓa ba ni aikin rubuta manhajar rajista a wani ofis. Na gama, na gwada, shugabana ya gani ya yaba, har aka sanar da ranar buɗewa. Da na ɗora ta a uwar garken haya, shafin farko ya fito, amma duk wanda ya cika fom ya aika, sai lamba 404 ta tare shi. Kwana uku ina zargin kamfanin da muka yi haya a wurinsa, alhali mutane suna tasowa daga Illela da Tambuwal suna komawa hannu rabbana. Zan gaya muku inda laifin yake nan gaba kaɗan.

Da farko, mene ne sabilet? Ƙaramin shiri ne da ake rubutawa da Java, harshen da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995. Aikinsa shi ne ya karɓi buƙata daga burauza, ya sarrafa ta, ya mayar da amsa. Amma sabilet ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai a cikin wata babbar manhaja mai riƙe shi, kuma wadda aka fi sani ita ce Tomcat, wadda take hannun gidauniyar Apache tun 1999. A kwamfutarka kai ne mai gida: kai ka zaɓi Tomcat, kai ka zaɓi Java, kana kashewa kana kunnawa yadda ka ga dama. A uwar garken haya kuwa ɗaki guda aka ba ka a cikin gida mai ɗakuna da yawa. Mai gida ne ya zaɓi komai, kuma ba zai kashe injin ba don kai kaɗai, domin maƙwabtanka suna kan aiki. Yawancin cikas daga wannan bambanci yake tasowa.

To, idan abu ya ƙi, kada a fara da canje-canje barkatai. A bi sawun buƙatar tun daga ƙofar gida har ɗaki, a ga inda ta tsaya.

Zango na farko shi ne ƙofar gida. A kwamfutarka Tomcat yana saurare ne a mashiga mai lamba 8080. A gidan haya kuwa, galibi wata manhajar ce, kamar Apache ko Nginx, take tsaye a ƙofa, ita take miƙa wa Tomcat abin da aka umarce ta ta miƙa. Idan ba a gaya mata adireshin sabilet ɗinka ba, za ta nemi fayil mai wannan suna, ta rasa, ta ce 404. Dubi shafin kuskuren da kyau, domin na Tomcat yakan ɗauki sunansa a ƙasa. In ba shi ya amsa ba, buƙatarka ba ta ma isa gare shi ba, kuma gyaran yana hannun mai gida. In ka ga 503, mai yiwuwa Tomcat ne ba ya tsaye.

Zango na biyu shi ne sunan ɗaki. Idan ƙunshin manhajarka sunansa rajista.war, to duk adireshinta zai fara da /rajista. Wanda ya rubuta /shiga kai tsaye a cikin fom, ya tura mutane ɗakin da ba nasa ba. Ƙunshin da aka sa wa suna ROOT.war ne kaɗai yake zama a tushen adireshi.

Zango na uku, wanda ya fi cin mutane, shi ne fayil ɗin web.xml. Wajibi ne ya zauna a cikin jakar WEB-INF, da manyan baƙaƙe, azuzuwan da aka harhaɗa a WEB-INF/classes, kayan aro kuma a WEB-INF/lib. A cikin fayil ɗin ana ambaton kowane sabilet sau biyu: sau ɗaya a faɗi sunansa da cikakken sunan ajinsa, sau ɗaya a haɗa sunan da adireshi. Dole sunayen biyu su zo daidai harafi da harafi, adireshin kuma ya fara da alamar / ko kuwa da tauraro da ɗigo. Kuskure ɗaya a nan yakan hana manhajar gaba ɗaya tashi. A kuma tuna cewa Windows ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, amma Linux, wanda mafi yawan uwayen garke suke amfani da shi, yana bambantawa.

Zango na huɗu shi ne zamani. A 2010 kamfanin Oracle ya sayi Sun, a 2017 aka miƙa ƙa'idodin wannan fanni ga gidauniyar Eclipse, a 2020 kuma aka sauya sunan da ake kiran kayan sabilet daga javax zuwa jakarta. Tomcat 9 yana jin javax, Tomcat 10 da na bayansa suna jin jakarta. Nan ne ni na faɗi. Tun ƙa'idar 2009 an yarda a yi wa sabilet alama a cikin ajinsa ba sai an rubuta shi a web.xml ba, haka kuwa na yi, da sunan javax, a kan Tomcat 9. Mai gida yana da Tomcat 10. Bai ga alamar da ya sani ba, sai ya wuce ajin nawa ko ƙorafi bai yi ba. Gyaran bai kai awa ɗaya ba. Haka kuma ajin da aka harhaɗa da Java 17 ba zai tashi a kan Java 8 ba. Rahoto zai ambaci lamba 61 da 52, ta farko taka, ta biyu ta mai gida.

Zango na ƙarshe shi ne cikin ɗaki. Lamba 500 tana nufin an iske sabilet, amma ya faɗi yana cikin aiki. Sau da yawa rumbun bayanai ne: sunansa da kalmar sirrinsa a gidan haya daban suke da na kwamfutarka, ko kuwa ka manta direban rumbun ba ka sa shi a WEB-INF/lib ba. Wani lokaci kuma manhajar tana son rubutu a jakar da ba a ba ka izini ba.

A duk waɗannan zanguna, babban mashaidi shi ne kundin rahoto, wato catalina.out da 'yan'uwansa. Ranar da ka kama haya, tambayi mai gida abu huɗu: wane Tomcat, wane Java, ina rahotona yake, kuma yaya zan sake tayar da manhajata. Sannan ka kafa irinsu a kwamfutarka ka gwada. Matambayi ba ya ɓata. Idan ka zo gyara, ka canja abu ɗaya, ka gwada, ka rubuta abin da ka gani, kafin ka taɓa na biyu. In ka rubuta wa mai gida, ka aika masa da adireshin, da lokacin, da layin rahoton. Cewa kawai "ba ya aiki" ba ta kai kowa ko'ina.

Ina da jan kunne guda ga ma'aikata musamman. Kada gajiya ta sa a buɗe wa kowa izinin jaka, ko a bar shafin kuskure yana tona cikin manhaja ga duk mai wucewa, ko a ajiye kalmar sirri a wajen WEB-INF inda burauza za ta iya isa. Bayanan jama'a amana ne, kuma tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

'Yan'uwa, mun saba a ofisoshinmu idan abu ya ƙi sai a ce wa mutane "babu netwok", su tafi. Wani lokaci gaskiya ne. Amma ni na san kwana uku da netwok bai yi laifin komai ba, laifin nawa ne da ban tambayi lamba ɗaya ba, kuma waɗanda suka biya kuɗin mota ba su san sunana ba balle su tuhume ni. Ina fata idan ranarku ta zo, za ku buɗe kundin rahoto kafin ku buɗe baki.