Yaro Mai Lalurar Rashin Natsuwa: A Ci Gaba Da Ba Shi Magani Ko A Daina?

Wannan taƙaitaccen jawabi ne da wani ɗan'uwa likitan yara ya gabatar wa matasa a wajen ta'alim, bayan wasu malaman Islamiyya sun kai masa tambayar da iyaye ke yi masu, cewa ko ya dace a ci gaba da ɗirka wa yaro ƙwaya don kawai ya zauna wuri ɗaya.

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzonsa (S), likitan ya fara da cewa ba kowace ƙiriniya ce ciwo ba. Ya ce lalurar da likitoci ke kira ADHD a taƙaice tana da sharuɗɗa. Sai alamominta sun bayyana kafin shekara 12, sun kai wata shida, kuma ana ganinsu a gida da makaranta, har suna hana yaro karatu da zama da mutane. Shi ne yaron da za a biya masa aya sau goma, yana so ya riƙe, amma hankalinsa ya bi ƙudan da ya wuce. Ya ce kimanin kashi 5 cikin 100 na yaran duniya suna da ita, kuma tun 1902 wani likita mai suna George Still ya yi bayanin irin waɗannan yara a Landan.

Ya nuna takaicinsa kan yadda ake yi wa irin wannan yaro a wajenmu. Wani a ce shaiɗanu ne, wani a ce taurin kai ne, a yi ta zabga masa bulala, in abin ya ci tura a kai shi gidan mari. Ya tuna wa 'yan'uwa abin da aka gani a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, daga wani gida a Rigasa cikin Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Ya ce yaro amana ne, kuma Manzon Allah (S) ya yi umarni da a nemi magani.

Daga nan sai ya shiga batun maganin. Ya ce wanda aka fi bayarwa shi ne metilfenidet, wanda aka fi sani da sunan Ritalin, da aka haɗa a Suwizalan a 1944. Yana ƙara ƙarfin saƙon da ke gudana a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da mai da hankali da kame kai. Amma fa ba ya warkarwa. Kamar tabarau ne, in an cire, ido ya koma yadda yake. Na gama-gari yana aiki awa uku zuwa huɗu, akwai kuma wanda ke kai yaro har a tashi makaranta.

Ya ce ya san 'yan'uwa ba sa sakin jiki da kamfanonin magani na Yamma, kuma ba su yi laifi ba, don riba suke nema. To amma hujja ake bi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1999 kan yara 579 ya nuna cewa cikin wata 14, waɗanda aka ba magani da kulawar likita sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa horon ɗabi'a kawai. Sai dai da aka sake duba su bayan shekara uku, bambancin ya dushe, aka kuma tarar masu shan maganin sun gaza takwarorinsu tsawo da kimanin santimita 2. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi saka shi cikin jerin magungunan dole a 2019 da 2021, saboda hujjar amfaninsa na dogon lokaci ba ta gamsar da ita ba.

Binciken da ya fi daɗewa a kansa shi ne na ƙasar Holan a 2019. An ɗauki yara 94 da suka haura shekara biyu suna shan maganin, aka janye wa rabinsu a hankali ba tare da sun sani ba. Kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka janye wa sun koma baya, a masu ci gaba da sha kuwa kashi 16 ne. Ya ce a lura da fuska biyu na wannan. Maganin yana aiki har bayan shekara biyu, amma kuma fiye da rabin waɗanda aka tsayar wa ba su lalace ba a makonnin gwajin. Ke nan akwai yaran da ke sha alhali sun wuce bukatarsa, akwai kuma waɗanda in an tsayar masu an cuce su, kuma uba ba zai gane wane ne ɗansa a ciki ba sai an gwada.

Saboda haka ya ce fatawarsa ta likita ita ce, kada uba ya tashi rana ɗaya ya ce an daina don wani ya tsorata shi a majalisa, kada kuma a yi ta sayo wa yaro shekara da shekaru ba wanda ya duba shi. Aƙalla sau ɗaya a shekara a koma wa likitan da ya rubuta, a auna tsawo da nauyi da bugun zuciya da hawan jini, a faɗa masa gaskiya in yaron ba ya cin abinci ko ba ya barci. In za a gwada tsayarwa, a yi lokacin da ake karatu sosai, ba gab da jarrabawa ba, ba kuma farkon shiga sabon aji ba, a sa malamin boko da na Islamiyya su riƙa lura. In yaron ya yi wayo, a tambaye shi shi ma.

Wani matashi ya tambaya ko wannan ba hanyar shaye-shaye ba ce, ganin ɓarnar da kodin da tiramol suka yi, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Likitan ya ce tsoron yana kan hanya, domin maganin na cikin waɗanda yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, kuma ana iya yin maye da shi. Amma bincike bai nuna cewa yaron da ya sha bisa ƙa'ida ya fi faɗawa shaye-shaye ba. Ya ce a ajiye shi a kulle, babba ya riƙa bayarwa da hannunsa, kada yayye su taɓa, kada kuma a saya a kemis ba takarda. Wanda ke bukatar a duba masa yaro ya nufi asibitin koyarwa, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko Kware, ko Maiduguri.

Game da azumi kuwa, ya ce yaron da bai balaga ba bai wajaba a kansa ba. Wanda ya balaga ya je wa likita tun cikin Sha'aban a tsara masa lokacin sha, domin in ya sha bayan buɗa baki zai iya kwana ido biyu. Daga nan aka rufe da addu'a.