Yaron da idonsa ke rawa: jawabin da aka yi wa iyaye a Yassa

Kun san ni, tafinta ne ni, ba likita ba. Abin da ya sa na nemi magana yau shi ne wata baiwar Allah da ta zo ofis kwanaki. Ta hana ɗanta zuwa makaranta shekara biyu, saboda ƙwayar idonsa na rawa hagu da dama, maƙwabta kuma suna cewa aljanu ne.

Ba aljanu ba ne. A can bayan ido akwai wani tantani da ke karɓar haske, a tsakiyarsa kuma akwai ɗan kwarmi ƙarami. Da wannan kwarmin muke karatu, muke zura zare a allura, muke gane fuska daga nesa. Yakan fara tun jariri na ciki, ya ci gaba da haɗuwa shekaru kaɗan bayan haihuwa. A wasu yara ba ya kammala. Sai ka ga tun yaro bai kai wata shida ba ido ya fara rawa, yana runtse ido a rana, in ya girma yana karkata kai ko ya manna allo a fuska.

An fi ganin haka ga zabiya. Zabiyanci gado ne daga uwa da uba duka biyun, don haka a daina ɗora wa uwa laifi. Amma yaro baƙi ma yana iya samunsa.

A asibiti likitan ido zai ɗiga magani don ido ya buɗe, ya leƙa ciki da fitila. Gani zai dushe na ɗan lokaci, kada ku tsorata. Abin da ke tabbatarwa shi ne hoton na'urar OCT, ba allura, ba zafi. Tun 2011 likitoci a Leicester ta Ingila suka kasa matsalar mataki 1 zuwa 4, kuma matakin na nuna yadda ake sa ran yaro zai gani. Ku tambaya a rubuta muku sakamakon a katin asibiti, ku ajiye shi tare da takardunku. Mu da ba mu da tabbacin inda za mu kwana baɗi, wannan takarda ita ce za ta yi wa yaro magana.

Abu guda da ba ya jira: in likita ya ce yaro ba shi da zoben nan mai launi na cikin ido, ku nemi a yi masa hoton ƙoda, domin wani lokaci yana tafiya da ciwon dajin ƙoda na yara.

Na nan kusa, ku fara da asibitin mata da yara na Yassa, ku ce likitan ido kuke nema. 'Yan New Bell, Laquintinie ta fi muku kusa. In an tura ku gaba, akwai asibitin ido na Magrabi kusa da Yaoundé. Ku biyo ta ofis kafin ku tafi, mu duba takardar turawar tare.

Gaskiya babu maganin da ke haƙa kwarmin, kuma wanda ya ce zai sayar muku da shi kuɗinku yake so. Amma matsalar ba ta ƙaruwa da shekaru. Tabarau, malafa, zama a bencin gaba da rubutu manya suna taimakawa ƙwarai. Kada a ɗiga nono ko ruwan ganye a ido. Mai tambayar da ba ya son yi cikin jama'a, ina nan bayan an tashi.