Lissafi a Bakin Ƙofar Asibiti: Lacca ga Matasan Masarautar Gumel

 

An gayyace ni in yi magana kan fagen da na ba wa rayuwata ta koyarwa, wato binciken tsarin aiki: amfani da lissafi a san yadda ɗan abin da ke hannu zai biya buƙatu masu yawa. Fagen ya samu suna a Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda masana irin su Patrick Blackett suka riƙa auna dabarun soja da alƙaluma. Kafin nan, a 1909, Erlang ɗan Denmark ya kafa lissafin layin jira yana aiki a kamfanin wayar tarho.

A 1952 Norman Bailey ya kai wannan lissafi ɗakin ganin likita. A lokacin ana tara marasa lafiya tun da safe don kada likita ya zauna banza. Bailey ya nuna cewa idan aka kira mutum biyu a farko, aka rarraba wa sauran lokaci, jira zai ragu ainun, likita kuma ba zai yi asarar kirki ba.

Ku riƙe wannan misali. Likita yana ganin mutum 6 a awa. A lissafi mafi sauƙi, idan mutum 3 ke zuwa a awa, kowa zai gama cikin kamar minti 20. Idan suka zama 5, sai awa guda. Mutum biyu aka ƙara, lokaci ya ninka uku. Don haka idan kun ga uwa goye da yaro mai zazzaɓi, riƙe da kati tun asuba har azahar, kada ku yi saurin cewa ma'aikata ragwaye ne. Sau da yawa tsarin ne ya cika maƙil.

Ƙasar nan tamu cike take da irin waɗannan tambayoyi. Ranar Alhamis kasuwar Maigatari tana ɗauko fatake da makiyaya daga jihar Damagaram da ke ƙetaren iyaka da kuma kudancin Nijeriya. Ma'aikata nawa ya kamata su kasance bakin aiki ranar, nawa ran Litinin? A ina za a ajiye motar ɗaukar mai naƙuda, yadda ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar za su isa babban asibitin Gumel kan lokaci? Maganin zazzaɓin cizon sauro nawa za a tanada kafin damina, rigakafin sanƙarau nawa kafin bazara? Ɗakunan ajiya na yankin ciniki marar haraji na Maigatari za su iya riƙe magani ga ɓangarorin iyaka biyu, amma sai an lissafa hanya da sanyi da ranar lalacewa.

Mun ga amfanin irin wannan aiki da alƙaluma da idonmu. A yaƙi da shan inna, an zana taswirar ƙauyukan Arewa da hoton tauraron ɗan'adam, aka bi sawun masu rigakafi da na'ura, aka gano rugagen da ake tsallakewa. A watan Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Ɗalibai, ga shawarata. Ku ƙware a lissafi da ƙididdiga da kwamfuta, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko ta Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, ko Bayero a Kano. Amma kada ku ɗauko tambayar bincikenku daga mujallar waje. Ku zauna kusa da mai yankan kati, ku buɗe rajista, ku saurari ungozoma. Ita ta san watan da gadaje ke ƙarewa. Wanda ke cikin ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ƙarin girma a jami'a yana zuwa da wallafa takardu, ku wallafa. Sai dai ku fara kai sakamakon ga shugaban asibitin da ya ba ku alƙaluma, da Hausar da zai yi aiki da ita gobe.

Hukumomin lafiya kuma, ku buɗe wa yaran nan rajistocinku, tare da kare sirrin marasa lafiya. Likitoci sun yi mana ƙaranci, kuma horar da ɗaya yana cin shekaru. Gyara jadawalin aikinsa kuwa ana iya fara shi a wannan wata.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.