Jawabin Malamin Gona a Kan Cutar Barkono

Yau zancenmu a kan barkono ne, da 'yan'uwansa tattasai da attaruhu.

Wani lokaci manomi ya kan ga ganyen barkononsa ya nannaɗe, ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya. Shuka ta tsumbure, 'ya'ya su fito ƙanana, a karkace. Sai ya ce rashin taki ne, ya ƙara taki, amma a banza. Abin da ke kawo wannan wata ƙwayar cuta ce, sunanta bairus. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ko madubin da a ke duba jini da shi a asibiti ba ya nuna ta.

To, ku sani bairus iri-iri ne, kowane da hanyarsa.

Hanya ta fari ita ce ta ƙwari. Akwai 'yan ƙwarin da ke taruwa a bayan ganye suna tsotson ruwansa, akwai kuma farin ƙuda. Su tsotsi mara lafiya, su koma kan mai lafiya, shi ke nan sun kai masa cuta. Irin 'yan ƙwarin nan ne suka yaɗa cutar da ta halaka gyaɗar Arewa a 1975.

Hanya ta biyu ita ce ta hannu. Wani bairus yana zaune a cikin ganyen taba. Mutum ya taɓa taba, sa'an nan ya taɓa dashe, ya shafa masa cuta.

Hanya ta uku ita ce ta iri. In ka ɗebi iri daga shuka mai cuta, ka kai cutar gonar baɗi da hannunka.

Shukar da ta kamu ba ta warkewa, kome feshin da aka yi mata. Saboda haka a toshe hanyoyin nan. Ku zaga gona kowane mako. Wadda kuka ga ta kamu, ku tuge ta, ku ƙone, kada ku ji tausayinta. Ku wanke hannu da sabulu kafin dashe. Ku nome ciyawa, gama nan ƙwari ke ɓuya. Kada ku yi rainon iri kusa da tsohuwar gonar barkono ko tumatir. Iri kuwa, sai daga shuka mai ƙoshin lafiya.

Wanda ya ji, ya gaya wa maƙwabcinsa, domin ƙwaro bai san iyakar gona ba. Allah ya ba mu amfani mai albarka. Amin.