Baƙuwa da Hanyar Gari



Batun da aka ɗora mana yau shi ne na matan nan Musulmi waɗanda fari ko yaƙi ya koro zuwa Kano, da yadda fita fili, watau tafiya a ƙasa cikin ayari, da hawan dutse, da wasannin motsa jiki, za ta iya mayar musu da ƙarfin zuciyar da gudun hijira ya ƙwace. Mun san akwai mai cewa a ransa, wadda take neman abin sawa a baki ina ruwanta da shan iska? Tambaya ce mai nauyi, za mu kuwa zo kanta. Amma bari mu fara da inda baƙin suke sauka.

Fagge dai tun asalinta masaukin baƙi ce. A nan, bayan ganuwa, ayarin Azbinawa yake sauke gishirin Bilma, raƙuma su huta. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai Turawa suka yanka Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Tun daga lokacin baƙi ba su daina zuwa ba. Farin 1973 da 1974, da wanda ya biyo baya a 1984, ya kashe dabbobin Buzaye a Nijar da Mali, iyalansu suka gangaro. Yaƙin basasar Cadi, wanda har aka zauna sulhunsa a nan Kano cikin Maris 1979, ya kawo nasa rabon. Sa'an nan ga rikicin Boko Haram tun daga 2009, musamman 2014 da aka ci Gwoza da Bama. Yawancin waɗannan mutane ba sansani suka shiga ba, raɓawa suka yi a gidajen dangi, ko suka kama ɗakin haya.

To, idan muka duba matansu sai mu ga iri biyu. Akwai wadda ke cikin ɗaki ɗaya da 'ya'yanta, ba ta jin Hausa sosai sai Barbarci ko Larabcin Shuwa, ba ta san hanyar asibiti ba, ba ta san nawa ake biyan A Daidaita Sahu zuwa Kantin Kwari ba, ƙarar fashewar taya ma takan tayar mata da abin da ta gudo dominsa. A garinsu ita ce mai zuwa gona da rafi da cin kasuwar ƙauye. A nan ƙofar gida ta zama mata iyaka, alhali kuwa ba wanda ya sa ta a kulle sai tsoro. Akwai kuma wadda kullum tana waje, da goyo a baya, tana miƙa hannu ga masu mota a mahaɗar tituna. Wannan ta san rana da ƙura fiye da mu duka, amma ba ta taɓa taka titin Kano ba face da kai a sunkuye. Saboda haka ga amsar tambayar da aka yi: abinci shi ne gaba, ba musu, amma wadda ba ta iya fita ta nemi hanya ba, ko ta ɗaga kai ta yi ciniki, za ta dawwama tana jiran a kawo mata.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan sabon abu ne da muka aro daga Turai. Hajara, mahaifiyar Annabi Isma'ilu, baƙuwa ce a kwarin Makka, kuma kaiwa da komowar da ta yi tsakanin Safa da Marwa ita alhazai ke maimaitawa har gobe. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a kan hanyar tafiya. Misalin da ya fi kusa da mu kuwa shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Bayan jihadi ƙauyuka sun cika da matan da yaƙi ya raba da garuruwansu. Sai ta kafa 'Yan Taru: a kowane gari ta naɗa wa dattijuwa guda malfa, ta zama jaji, ita ce za ta ja ayarin mata a ƙasa har zuwa wurin malamar, su ɗauki karatu su koma. Masu tarihi sukan tsaya a kan karatun. Mu a ganinmu tafiyar ita kanta darasi ce, gama macen da ta ratsa daji da ƙafarta cikin 'yan'uwanta, ta kai ta dawo lafiya, ba za ta ƙara kallon kanta kamar da ba.

A Ingila ma, wani Musulmi mai suna Haroon Mota ya kafa ƙungiyar Muslim Hikers a 2020, mata da hijabansu suna hawan tsaunuka cikinta. Da suka fita ranar Kirsimeti ta 2021 an yi musu zagin wariya, ba su fasa ba.

Mu nan ba mu rasa wurin zuwa ba. Daga Fagge, idan aka shiga ta Ƙofar Mazugal, ga Dutsen Dala nan da matakalarsa. Matar da ta hau can ta hangi Goron Dutse, da hasumiyoyin babban masallaci, da jirage suna sauka a filin Malam Aminu Kano, aka nuna mata da yatsa ga unguwarku can, to gari ya shiga idonta gaba ɗaya, ya daina zama lungunan da ba su da ƙarshe. Wata rana a bi ta Ƙofar Mata a ga marina, a zarce Kurmi, kowace ta taya wani abu da bakinta. Wata rana a kai yara Gidan Zu. Filayen makarantun 'yan mata kuwa a rufe suke ranar Asabar da Lahadi. Me zai hana a nemi izini a buɗe su? 'Yan matanmu su koya wa baƙi gaɗa da carafke, su kuma su nuna nasu wasannin. Mu lura fa, wannan ne kaɗai fagen da baƙuwa za ta zama malama, mu ɗalibanta.

Wahalhalun ba a ɓoye suke ba. Maigida zai tambaya da wa za a fita, kuma yana da haƙƙin ya ji. Unguwa za ta yi tsegumi. Wanda ya tuna bam ɗin da ya tashi a tashar New Road a Sabon Gari ranar 18 ga Maris 2013 ba zai raina tsoron taron jama'a ba. Don haka dabarar Nana Asma'u ita ce dabara: dattijuwar da unguwa ta yarda da ita ta shige gaba. A fara da mai unguwa da limami, a bi ta makarantun Islamiyya na matan aure da ƙungiyoyi irin su FOMWAN, wadda ke aiki tun 1985. Ayari kada ya yi yawa, rabi baƙi rabi 'yan gari, a fita da sanyin safiya a dawo kafin azahar. Kada a ɗauki hoton kowa, domin wasu akwai dalilin da ya sa ba sa son a san inda suke. Wadda kuma fitar za ta hana ta neman abincin ranar, sai a san yadda za a yi da ita tun kafin a gayyace ta.

Mu maza namu shi ne neman izini, da kuɗin mota da ruwan sha, sa'an nan mu ja da baya. Ma'aikatan da ke cikinmu sun san teburin da takardar neman fili take kwana a kai. Ga 'yan'uwanmu ɗalibai mata kuwa, muna roƙon duk mai jin Barbarci, ko Larabcin Shuwa, ko Buzanci, ko Zabarmanci, ta ba sakatariyar ƙungiya sunanta kafin a tashi, gama ba za a iya fita ta farko ba sai da tafinta.