Filibuster: kalmar 'yan fashin teku da ta shiga majalisa

Yau kalma ɗaya tak za mu ɗauka, wadda duk mai bin siyasar Amurka ya sha jin ta: filibuster.

Ma'anarta a yau ita ce sanata ya miƙe ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, don kawai kada a kai ga kaɗa ƙuri'a kan wani ƙudiri. Ba ya neman shawo kan kowa, lokaci kawai yake cinyewa.

To ina ta samo asali? Daga teku. Mutanen Holan suna da kalmar vrijbuiter, wato ɗan fashi mai kwasar ganima. Ta bi ta bakin Faransawa, Sifaniyawa kuma suka ce filibustero, suna nufin 'yan fashin jiragen ruwa na tekun Karebiyan. A shekarun 1850 Amurkawa suka laƙaba ta wa wasu 'yan ƙasarsu masu tara mayaƙa su afka wa ƙasashen Latin Amurka da gaban kansu. Ɗaya daga cikinsu, William Walker, sai da ya ɗare kujerar shugabancin Nikaragua a 1856. Daga nan aka fara jifan ɗan majalisar da ya yi garkuwa da zama da wannan suna. Kun ga tun farko zagi ne.

A 1957 Sanata Strom Thurmond ya kwashe awa 24 da minti 18 yana magana. A kan me? Don ya tare dokar da za ta kare 'yancin baƙar fata na yin zaɓe. Duk da haka dokar ta wuce. A 1964 kuwa sanatocin Kudu kwana 60 na zaman majalisa suka riƙe dokar hana wariyar launin fata.

Masu kare wannan al'ada suna cewa garkuwa ce ga marasa rinjaye. Na ji, amma ni dai nakan tambaya: marasa rinjayen cikin zauren, ko na kan titi?

Yanzu ma ba sai mutum ya bushe maƙogwaro ba. Rufe muhawara kan yawancin ƙudirori yana buƙatar ƙuri'a 60 cikin 100, don haka sanata 41 suna zaune a kujerunsu za su iya danne abin da 59 suke so.

Nan za mu tsaya, sai shiri na gaba.